Ɗaki Na Shida

Wari ne ya tashe ni daga kan sallaya. Na idar da La'asar ina jan carbi, sai hancina ya kama wani abu da ba na gidana ba. Ni kuwa na san warin kowane abu da ke gidan nan, daga tukunyar gas har turaren da surukata ke ɓoyewa a bayan durowa tana zaton ban sani ba. Wannan warin mai ne, siriri, irin na keken ɗinki, amma da ɗacin ƙarfe a bayansa. Na fi shekara sittin ban shaƙe shi ba, kuma ban tsaya neman sunansa ba.

Na leƙa falo. Jikana na zaune a ƙasa, ya shimfiɗa tsohuwar jarida, ya buɗe wani baƙin akwati, yana goge abin da ke ciki da tsumma a hankali kamar mai yi wa jariri wanka.

"Sitti, zo ki gani," ya ce da Hausarsa mai ɗingishi. Sitti yake ce mini, wato kaka da Larabci. "Da rukhsa fa, lasisi. Da takarda, komai nizami, bisa doka."

Na ce masa ban tambaye shi takarda ba.

Gajeriyar bindiga ce mai kauri, irin wadda Larabawa ke kira musaddas, amma babba, ta farauta. Tana da ganga a tsakiya mai ɗakuna shida, da 'yar guduma a bayanta wadda sai ka ja ta da babban yatsa kafin kowane harbi. A wurin baje kolin kayan farauta ya saye ta, in ji shi, kuma jibi zai kai ta wurin wani mai gyara ya sassauta masa kunamar, don ta yi masa tauri. Sai ya ja gudumar don ya nuna mini. Ƙas, ƙas, ƙas, ƙas. Na zauna a hannun kujera.

Kai mai karanta wannan, ban san a ina aka haife ka ba, ko ka taɓa taka Jidda. Sai ka yi haƙuri in fara maka daga gidanmu, don in ban gaya maka wace ce kakata ba, ba za ka gane sauran ba.

A unguwar Sharafiyya aka haife ni, tun ba ta cika da shaguna ba, a wani hosh, wato gida mai fili a tsakiya, mai ɗaki huɗu, bangonsa rabi dutsen teku rabi katakon akwatunan tashar jirgi. Da bazara bangon nan gumi yake yi kamar mutum. Ka shanya zane da safe, ka kwashe shi da yamma da danshinsa. Babana ɗaukar buhuna yake yi a tashar jirgin ruwa, mahaifiyata tana soya gyaɗa tana sayarwa a bakin ƙofa. Amma mai gidan ita ce Kaka, uwar babana. A ƙafa ta zo daga ƙasar Hausa, ta ratsa Sudan, ta binne mijinta a hanya, ta iso da ɗa guda riƙe da bakin zanenta. Ɗayan, ƙaramin, ta baro shi gida a hannun yayarta yana ɗan shekara uku, da niyyar in ta sauke farali ta koma. Ba ta koma ba.

Hanyar nan ce ta koya mata rashin yarda. Mai ruwa ya kawo ruwa a jaki, sai ta shinshina garwar kafin a juye. Baƙo ya yi sallama, takalminsa take fara dubawa. Wani ya taɓa zuwa da kukan cewa shi alhaji ne da aka sace wa guzuri, duk lungu aka tausaya masa, ita ta ce ƙafarsa ba ta yi tafiya ba. Bayan kwana uku aka nemi tukwanen maƙwabta aka rasa, shi ma aka rasa shi. Wata shekara ta dubi sama ta sa aka ɗage buhunan hatsi kan gado, mutane na dariya, kashegari ruwa ya shiga kowane ɗaki a lungun. Ba ta cika yin kuskure ba. Abin da ya cuce mu ke nan.

Ni ce idonta. Ba a sa ni makaranta ba, ita ce makarantata. Takan aike ni gidan mutane da abin da bai kai a yi aike a kansa ba, in na dawo ta zaunar da ni. Wa ke ciki? Me ke kan wuta? Da aka ambaci wane, ina matar gidan ta duba? Abu ɗaya take nanata mini, in riƙa kallon hannun mutum lokacin da bakinsa ke magana. Kafin in cika shekara goma ina iya shiga ɗaki in fito da shi gaba ɗaya a kaina, kuma ina alfahari da hakan.

Sai ga ɗan da ta baro ya zo aikin Hajji a jirgin ruwa, ƙato da gemunsa. Shi ne Baffana. Na ga ranar da suka haɗu. Ba ta rungume shi ba, ta kama kunnensa na hagu ta juya, ta nemi wani tabo da ya samu yana rarrafe. Da ta gani, sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Tun daga ranar ba ya cin abinci sai daga hannunta.

Alhazai suka koma, Baffa bai koma ba. Ba shi da iƙama, wato izinin zama a ƙasar, ba shi da kowace takarda. In aka ce askar, wato 'yan sanda, sun shigo lungu, sai ya haye rufin ɗaki ya kwanta ƙarƙashin tabarmin shanya, Kaka ta zauna a gindin tsani tana tsintar wake kamar babu abin da ya dame ta. Mutum ne mai raha, ya iya tuƙi tun a gida, har wani attajiri mai rumbunan kaya kusa da tashar jirgi ya ɗauke shi direba. Attajirin nan yana fita farauta jeji duk lokacin sanyi, da shaho da karnuka da tantuna. Ya yi wa Baffa alkawari a gaban Babana: in suka fita ta bana suka dawo lafiya, ya ga hankalinsa, zai zama kafilinsa mai tsaya masa a wurin hukuma, ya sa shi a kan sunansa, ya fitar masa da iƙama. Daga ranar duk gidanmu sanyi muke jira.

Dogayen bindigogi attajirin na da su. Amma ya ga irin wannan gajeriyar a ƙugun wani Bature, ta shiga ransa, wai don kura da kyarkeci da ke zagaya tanti. Ya ce shi zai yi mata takarda, Baffa ya nemo.

Mai sayarwar ya zo gidanmu bayan Azahar, a ƙarshen zafi, da kwandon busasshen kifi. A ƙarƙashin kifin take, naɗe a tsohuwar riga. Kaka na bayan labule, ni na kai shayi. Da na koma ta ce, "Me kika gani?" Na ce mata mutumin ya ajiye takalmansa bakinsu na duban ƙofa, bai taɓa shayin ba, kuma duk lokacin da Baffa ya kai hannu wajen gangar sai ya karɓe ya nuna masa mariƙin. Na ce an shafe ta da mai har tana ƙyalli kamar kan sabon aski.

Kaka 'yar maharbi ce. A garinsu, in ji ta, ba a sayen bindiga sai mai ita ya fara harbawa a gabanka, in tana da cuta ta fara cin hannunsa. A tsakiyar Jidda ba halin haka. Sai ta miƙo mini tsumma da toka daga bayan labule, ta ɗaga murya yadda baƙon zai ji.

"A goge man nan. Ba miya muke saye ba."

Aka goge. Sai ga tsatsa a gindin bututun, ga ɗan ƙarfen saiti na baki ya karkace, gangar kuma na girgiɗi kamar haƙorin tsohuwa. Mutumin ya yi dariyar da ba ta kai ido ba, ya ce ai ƙaramin gyara ne. Baffa ya saye ta duk da haka, don babu wata a kusa, haɗe da kwalin harsasai, kowanne kaurin babban yatsan Babana. Mutumin ya fita ya manta da kifinsa. Kaka ta hana a ci, ta zuba wa kyanwowi. Ranar kowa a gidan ya sake yarda cewa idonta ba ya kuskure.

A ƙarshen lungunmu akwai wani tsoho mai gyaran keken ɗinki da risho da kwaɗo. Bahaushe ne, amma na Sudan, Hausarsa ta lanƙwashe da Larabcin can. Ana cewa ya yi aiki a ma'aikatar sojoji yana saurayi, babu ƙarfen da bai sani ba. Wurinsa Baffa ya kai ta.

Kaka ba ta son tsohon nan tun asali. Ba shi da mata, ba a san danginsa ba. Yana ƙona turaren lubban a shago da rana tsaka. Yana magana da ƙarfe in yana aiki, ka ji yana cewa, "Haba, ke kuwa, saki jikinki." Kuma kullum akwai ƙwaryar nono a kusurwar shagon. Shi dai ya ce ta kyanwowinsa ce. Kaka ta ce to, Allah ya sa.

Ta fara aika ni da kunu kullum da hantsi, wai sadaka. Kwana tara ina zuwa, in ajiye kwanon in ƙi tafiya. Bai taɓa kora ta ba. Na ga ya warware ta gunduwa-gunduwa a kan farin ƙyalle, ya jera kowane ƙusa a inda ya fito. Ya jiƙa wasu a kananzir. Yana da wani ɗan dutse santsi, bai fi yatsana ba, da shi yake shafa ƙananan ƙarafan cikin, shafa biyu ya tsaya, ya ɗaga wajen haske, ya gwada da farce. Wani lokaci yinin ranar gaba ɗaya a kan ƙarfe ɗaya yake ƙarewa. Baffa ya ce ya ƙara sassauta kunamar, ya ce a'a, iyakarta ke nan, wadda ta fi haka laushi ba ta san mai ita ba. Ya miƙe ɗan ƙarfen saitin, ya kashe girgiɗin gangar, ya naɗe mariƙin da jan fata don hannun Baffa na gumi. Sai ya ɗiga mata man keke, ɗigo uku. Warin nan ke nan, haɗe da lubban da kananzir. Ranar ta tara ya ja gudumar kusa da kunnensa, idonsa a rufe. Ƙas, ƙas, ƙas, ƙas. Ya ce, "Yauwa. Yanzu kin yi magana."

Sannan ya dubi Baffa. "Biyar za ka zuba, ɗana. Ɗaki ɗaya ka bar shi wayam, ka kwantar da gudumar a kansa."

Baffa ya yi dariya. "Baba, ai shida aka yi mata."

"Shida aka yi mata, biyar ake ba ta. Matso ka gani." Ya nuna masa yadda bakin gudumar ke kwanciya daidai kan gindin harsashi, babu komai tsakaninsu. "In ta faɗi, ko wani abu ya bugi bayan nan, ba ta jiran yatsanka. Wanda ya ƙera ta ma haka yake ɗaukarta." Sai ya juyo wurina, ya leƙo ni ta saman tabarau. "Ke ma kin ji, 'yar aiken Hajiya. Ki kai mata yadda na faɗa. Kada ki rage, kada ki ƙara."

Ashe duk kwanakin nan ya san abin da ke kawo ni.

Allah ne shaidata, na kai yadda ya faɗa. Na faɗi gudumar, na faɗi gindin harsashin, na faɗi faɗuwar, har na kwatanta mata da hannu. Kaka ta saurara har ƙarshe tana murza goro a magogi. Sai ta ce, "In da na wani ne ɗakin, kina tsammanin zai gaya miki?"

Sai ka san yadda muka tashi kafin ka yi mata hukunci. A gidanmu ba a barin abu mai rami a buɗe. Tukunya ko babu komai a ciki sai an rufe ta. Turmi kifewa ake yi kafin Magariba. Ubanta, in ya rataye bindigarsa babu albarushi, sai ya toshe bakinta da tsumma, don kada wani abu ya samu masauki. Kuma a garinsu ta san gidajen da ake ware ɗaki guda, a share shi, a ajiye ƙwaryar nono, ba mai kwana a ciki, kowa kuma ya san na wane ne. To ga mutum mai ƙwaryar nono, mai magana da ƙarfe, ya ce wa ɗanta ya bar ɗaki guda wayam, ya ɗauka ya shiga jeji da shi, inda babu kiran salla. Kaka ta haɗa wannan da wannan, kamar yadda ta saba haɗawa ta dace.

Ta tari Baffa da maganar a kan tuwo. Ya ce, "Inna, ƙarfe ne fa. Na gani da idona."

"Tsatsar ma da idonka ka kalle ta, ka gan ta?"

Babana ya sa baki, ya ce a bar wa kowa sana'arsa. Baffa ya ce, "To, Inna, na ji," irin to ɗin da ake yi wa tsofaffi. Kaka ba ta sake cewa komai ba. Mu da muka san ta, shirunta ya fi faɗanta ba mu tsoro, amma mazan suka ɗauka magana ta mutu.

A makon suka fita bayan gari da attajirin da tsohon suka gwada ta, tsohon ya sake nanata maganar biyar a gaban attajirin. Baffa ya dawo kunnensa na ƙara, wuyan hannunsa ya kumbura, yana riƙe da garwar kananzir da aka huda gaba da baya, ramin bayan ya isa in zura hannuna. Ya ce attajirin ya ji daɗi har ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Halas, an gama, muna dawowa takardarka." Mahaifiyata ta yi guɗa. Kaka ta karɓi garwar ta juya ta, ta ajiye.

Sanyi ya shigo, irin namu na Jidda, wanda iyakarsa ka nemi mayafi da asuba. Aka sa tafiya ranar Asabar. Attajirin bai so ta kwana a gidansa cikin yara ba, don haka tana wurinmu, a jakar fata, rataye a ƙusa a ɗakin Kaka. Baffa ya zuba mata biyar tun ranar Alhamis, yadda aka koya masa.

Ranar Juma'a maza suka tafi masallaci, mahaifiyata na wanki a bayan gida. Kaka ta kira ni ɗaki ta saki labule. Jakar na kan cinyarta, harsashi ɗaya a tafin hannunta.

"Ke kin ga yadda ake buɗe ta. Nuna mini."

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tsoronta ne ya sa. Ba tsoro ba ne kaɗai. Daɗi na ji. Karo na farko ke nan da na san abin da Kaka ba ta sani ba. Na nuna mata 'yar ƙofar da ke gefe, na nuna mata yadda ake juya gangar har ɗakin da babu kowa ya zo bakin ƙofar. Yatsuna ƙanana ne, sun fi nata iyawa. Ta yi karatu a kan harsashin, ta tofa, ta tura shi ciki.

"Yanzu babu masaukin baƙo," ta ce.

Na ce, "Kaka, ya ce in ta faɗi…"

"Wa zai yar da ita?"

Ta mayar da jakar kan ƙusa. Ta ce in na faɗa wa wani, ba ni ba ita.

Asabar da sassafe motar attajirin ta tsaya a bakin lungu, an ɗaure tantuna a sama, shaho na zaune a hannun wani bawan Allah an sa wa shahon 'yar hula a ka. Maƙwabta duk sun fito, don kowa ya san abin da tafiyar nan ke nufi ga gidanmu. A ƙofar gidan akwai randar da Kaka ta kafa don masu wucewa su sha, da moɗa ɗaure da igiya. Kusa da ita wata maƙwabciya ta baza tallan ƙosai, jaririnta a cinya. Kaka na tsaye a kan dutsen ƙofa. Baffa ya fito da jakar a kafaɗa, da sabuwar riga, ya durƙusa har ƙasa don ta sa masa albarka, kamar yadda ake yi a gida. Da ya sunkuya, igiyar jakar ta zame daga kafaɗarsa. Na gan ta tana zamewa. Shi bai ko yi saurin tarewa ba, don a saninsa ɗakin wayam yake.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, har yau. Randar ta tarwatse, ruwa ya watsu har fuskar Kaka. Harsashin ya shige bango, tazarar tafin hannu daga kan jaririn nan. Sai shiru, ba ka jin komai sai fukafukan shahon da ƙosai na ƙonewa a kasko. Can sai jaririn ya tsala kuka, uwar ta biye masa.

Askar ba su yi nisa ba, kafin hayaƙin ya washe sun iso. Attajirin ya fito da takardar bindigar, suka duba, ba matsala. Sai ya ɗauki jakar da ta ƙone a gindi, ya buɗe 'yar ƙofar, ya zazzage a tafin hannunsa a gaban kowa. Biyar da ransu, da kwanso ɗaya. Shida.

"Wa ya cika ta?" ya ce. "Ba a gabana aka gaya maka ba?"

Tsohon mai gyara na tsaye cikin mutane da tabaransa a hannu. Baffa ya dubi tafin hannun attajirin, ya daɗe yana dubawa. Sai ya ɗaga kai ya dubi Kaka, ruwa na ɗiga daga haɓarta. Sai ya dube ni. Ban san abin da ya gani a fuskata ba, amma ya kawar da kai da sauri.

"Ni ne," ya ce. "Mantuwa na yi."

Babban askar ɗin ya tambayi attajirin ko direban a kan sunansa yake. Attajirin ya zuba harsasan a aljihu. Ya ce wanda ke mantuwa irin wannan ba ya hawa sunansa. Suka nemi takardar Baffa. Wannan karon babu rufin ɗaki, babu tabarma.

Bayan makonni aka sa shi a jirgi tare da wasu. Muka tsaya a bayan shingen tashar, inda Babana ke ɗaukar buhuna kullum, inda shi kansa Baffa ya sauka. Ba mu iya gane shi cikin mutanen da ke saman jirgin ba. Kaka ta tsaya har jirgin ya zama ɗigo, ba ta yi hawaye ba, ta ce mu tafi, wake na kan wuta. Ya aiko da wasiƙa sau uku ta hannun alhazai, malamin lungu ya karanta mana. Gaisuwa ce da labarin damina da aure da haihuwa. Bai ambaci bindiga ba ko sau ɗaya. A can ya rasu. Ba ta sake ganinsa ba.

Kada ka zaci ta ce ta yi kuskure. Da farko ma cewa ta yi mai ɗakin ne ya yi fushi da aka kore shi. Daga baya ta daina faɗin hakan, ba ta kuma faɗi wani abu a madadinsa ba. Sai dai ba ta sake kafa randa a ƙofa ba. Kuma duk Juma'a, daidai lokacin da maza ke masallaci, takan zuba tuwo a kwano mai murfi ta ce in kai wa tsohon, har ya bar duniya. Ba ta taɓa cewa in tsaya in ga wani abu ba. Ranar farko da na kai, ya karɓa, ya ce, "Kin kai saƙona daidai?" Na ce na kai. Ya ce, "Na sani." Ya dubi yatsuna. Ya juya ga keken da yake gyarawa.

Yanzu ina unguwar Kurayyat, a bene hawa na uku, ruwa na zuwa ta famfo, ba mai shinshina shi sai ni. Inda hosh ɗinmu yake shagunan waya ne. Na auri mai takardar ƙasa, 'ya'yana da jikokina ba su san abin da ake kira hawa rufin ɗaki ba. Jikan nan nawa da katinsa ya shiga ya sayi bindiga da rana tsaka, aka ba shi da leda da godiya.

Na ce masa daga inda nake zaune, "Biyar za ka zuba. Ɗaki ɗaya wayam."

Ya yi dariya, irin dariyar Baffa sak, shi da bai taɓa jin labarinsa ba. "Ya Sitti, wannan na zaman da ne. Ta yanzu akwai wani ƙarfe a ciki, yana shiga tsakani. Ko daga saman bene ta faɗo, wallahi ba ta tashi sai ka ja kunama." Ya buɗe wani ɗan littafi mai hotuna ya nuna mini, ya leƙa da ni cikin gudumar in ga ƙarfen. Bayani ne sarai, babu kwana-kwana. Na kalli hannunsa yana magana, hannun bai saɓa wa bakin ba.

Ban yarda ba. Na ji bakina yana tambayarsa wane ne mai gyaran da zai kai wa, ɗan gidan wa ne, yana salla, wa ya taɓa kai masa aiki. Muryar da ta fito ba tawa ba ce, na san mai ita.

Aka kira Magariba. Ya tashi ya yi alwala ya sauka masallaci, ya bar akwatin a buɗe a kan jaridar, daga ni sai bindigar a falon. Na san inda 'yar ƙofar take. Yatsuna sun tsufa, amma ba su manta ba. Zuciyata ta ce in duba ko da gaske babu komai a ciki, ta ce in ɗauke kwalin harsasan in ɓoye inda ba zai gani ba, don amfaninsa, ba sai ya sani ba. Na yi sallata a nan gefe, na idar, na zauna, na danne hannuwana biyu a ƙarƙashin cinyoyina kamar yarinyar da aka tsawatar wa, har na ji takunsa a matakala.

Da ya shigo na ce ya kunna babbar fitila, ya zauna, ya sake nuna mini ƙarfen nan a hankali. Na ce in ya gama ni ma ina da abin da zan gaya masa, a kan wani kakansa da bai sani ba, da wata randa, da wadda ta buɗe ƙofa.

Ya nuna mini, sau biyu. Har yanzu ban gamsu ba, kuma a fuskarsa na gaya masa haka. Amma ban taɓa ta ba.